Daga Tarin Wuri Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Lissafin Kuɗin Gida



A hutun da ya wuce ina gyaran akwatin ƙarfen marigayi mahaifina, sai na ci karo da wani tsohon kaye, irin wanda muke sa ƴan makaranta su saya a farkon shekara. Babu komai a cikinsa sai lissafi. Kowane shafi ya ja masa layuka da bik da rula, ya raba shi uku: kwanan wata, abin da aka saya, da abin da aka biya. Gero, kananzir, sabulu, kuɗin niƙa, gudummawar suna, duk suna nan cikin rubutunsa mai kwanciya gefe guda. Ya fara a 1992, ya tsaya a 1996. Na zauna ina karantawa har aka kira la'asar. Da dare na buɗe nawa lissafin da nake yi cikin waya, na ga tsarin ɗaya ne da nasa, bambancin kawai shi yana tarawa da hannu, ni na'ura ke tara mini. Wannan ne ya sa na ce bari in bi sawun abin, in ga inda ya samo asali da yadda ya iso gidajenmu.

Kafin takarda

Kasafin farko da na sani a ƙasarmu rumbu ne. Manomi in ya gama girbi yakan ƙidaya dammunansa. Ya fitar da zakka, ya ware iri, ya ware abin da zai biya bashin da ya ci da damina, saura ya zuba a rumbu. Daga nan ya san dami nawa gidansa ke ci a mako, ya kuma san ko hatsin zai kai shi wata kakar ko zai yanke tun bazara. Mai dattako har yakan yi rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci. Iyayenmu mata su ma suna da nasu tsari: kuɗin cefane a ɗaure a bakin zane, na adashe a cikin kwano, na biki a asusu. Kowane kuɗi da mazauninsa, kuma ba a ɗauko na wannan a yi hidimar wancan sai dole ta kama.

A kasuwa kuwa wuri ne ke aiki. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya ake samo shi, ya bi hannun ƴan kasuwa har ya iso ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya kuma ga yadda ake ƙidayar wuri. Ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, sai dai a zube shi ƙasa a riƙa ja biyar biyar da yatsu, ana tara ɗari biyu biyu ko dubu dubu. Ya ba da labarin wata ƙidaya ta wuri 500,000 da aka yi a gabansa, aikin da sai da mutane da yawa suka taru a kansa. Wuri ashirin shi ne hauya, 20,000 kuma shi ne keso. A Kano a lokacin, wuri 2,500 ne ke sayen dala guda ta azurfa.

Wannan dala ita ce ta bar mana gādon da muke fama da shi a aji har gobe. Sunan ya fito ne daga kuɗin azurfa na Turai, irin mai hoton sarauniyar Ostiriya Maria Theresa, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, suka bi da karɓar haraji da kuɗinsu, sai wuri ya riƙa ja da baya, sunan dala kuma ya koma kan faran biyar. Shi ya sa har yau takarda tana cewa 100, baki yana cewa dala ashirin. Takarda tana cewa 500, baki yana cewa dala ɗari. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai kuma abin da ya ba ni dariya da na gano shi. Kalmar da ƴan boko ke kiran kasafin kuɗi da ita, wato budget, ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar Faransanci, bougette, ma'anarta ƴar jakar fata ta zuba kuɗi. Mu kuma faran 1,000 muke kira jika. Ashe mu da su duk daga jaka muka fara.

Lissafi ya shiga rubutu

Masana tarihi sun nuna cewa mafi tsufan rubutun da aka tono a birnin Uruk, cikin Iraƙi ta yau, wajen shekara 5,000 da suka wuce, galibinsa lissafi ne. Allunan yumɓu ne da aka zana sha'ir da tumaki a kansu, wa ya kawo, wa ya karɓa. Har sun riƙa ja wa allon layuka suna raba shi gida gida, kamar yadda mahaifina ya yi wa kayensa. Mu Musulmi ma mun san ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. A Bagadaza kuma, cikin ƙarni na 9, Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabra, babban ɓangarensa a kan lissafin gādo da wasiyya.

A 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga littafi a birnin Venis inda ya bayyana yadda ƴan kasuwar garin ke rubuta kowane ciniki sau biyu, gefen shiga da gefen fita, domin in jimillar biyu ba su daidaita ba a san akwai kuskure. Tsarin ya girme shi, amma littafinsa ne ya yaɗa shi, kuma a kansa akantoci ke tafiya har yanzu.

Wannan duk na fatake ne da masarautu. Wadda ta shigo da abin cikin ɗakin girki mace ce ƴar Japan, Hani Motoko, wadda ake ɗauka a matsayin ƴar jarida mace ta farko a ƙasarta. A 1904 ta fitar da littafin lissafin gida da ake kira kakeibo domin matan aure. A farko a rubuta abin da ake sa ran samu da yadda za a raba shi, kullum a rubuta abin da aka kashe, a ƙarshen wata a zauna a gwada biyun. Sama da shekara ɗari ke nan ana sayar da irinsa a Japan.

Janairun 1994

An ƙirƙiro kuɗin sefa ranar 26 ga Disamban 1945. Na daɗe ina koya wa yara wannan kwanan wata, amma darasin da ya fi shiga jikina a kayen mahaifina na same shi. Ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Ina kolej a lokacin, abin da kawai na sani shi ne shayin safe ya daina zuwa da madara.

A cikin kayen, shafukan watannin nan duk sun yi baƙi da gyara. Tsoho yakan tsara watan tun farkonsa, sai farashin magani ko na sukari ya tashi, ya soke lambar, ya soke jimillar da ke ƙasa, ya sake tarawa, ya sake ɗebewa daga albashi. Wani shafin sau huɗu ya yi haka har takardar ta huje. Shekarun nan ne kuma albashi ya riƙa makara watanni, kamar yadda duk wanda ya girma a gidan ma'aikaci zai tuna. Sai ga layi na huɗu ya fito a gefen shafi, kansa an rubuta «bashi». Na bi na ga abin da aka fara zubarwa: madara, sai nama ya koma ranar Juma'a kaɗai, sai ɗinkin Sallah nasa na kansa. Layi guda ne ban ga an taɓa sokewa ba cikin shekara huɗu, shi ne na kayan lakol ɗinmu.

Wahalar da ya sha ta sake tarawa duk lokacin da lamba guda ta canza, ita ce wahalar da wani ɗalibi ya riga ya magance a Amurka shekara goma sha biyar kafin nan. Maganin ne bai iso mu ba.

Ɗalibin da ya gaji da shafe allo

A 1978 Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a jami'ar Harvard. Yana kallon malaminsa yana cika allo da lissafin kamfani, in an sami kuskure a lamba guda sai a bi duk lambobin da suka dogara da ita a shafe a sake. Duk malamin da ya taɓa yin haka da alli a gaban yara sittin ya san zafin abin. Bricklin ya yi tunanin allo wanda zai gyara kansa. Shi da abokinsa Bob Frankston suka rubuta manhajar VisiCalc, ta fito a 1979 a kan kwamfutar Apple II.

Dabarar mai sauƙi ce. An raba fuskar kwamfuta gida gida kamar gurabun dara. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar B2 ko C10. A cikin gida kana iya sa suna, ko lamba, ko umarni. Umarnin shi ne sabon abu. Kana iya gaya wa gida guda cewa aikinsa shi ne tara duk abin da ke samansa. Daga ranar, ko wace lamba ka canza a sama, shi zai canza da kansa, duk wani gida da ya dogara da shi ma ya bi. VisiCalc tana da layukan tsaye 63 da na kwance 254, ana sayar da ita wajen dalar Amurka 100, amma mutane suka riƙa sayen kwamfutar da ta ninka wannan kuɗi sau da yawa don kawai su yi aiki da ita.

Daga nan abin ya yi ta gudu. Lotus 1-2-3 ta fito a 1983 ta ture VisiCalc. Microsoft ya fitar da Excel a 1985, da farko a kan Macintosh, sannan a kan Windows a 1987, ya ture Lotus. A 2006 Google ya kawo nasa wanda ake aiki da shi ta intanet, ga kuma LibreOffice da ake samu kyauta. Excel na yau yana ɗaukar layi 1,048,576 a shafi guda, mu kuwa talatin sun ishe mu.

Gefe guda kuma aka riƙa yin manhajoji na lissafin gida zalla. A 1983 Scott Cook da Tom Proulx suka kafa kamfanin Intuit suka yi Quicken, bayan Cook ya ga yadda matarsa ke fama da takardun biyan kuɗi a gida. Microsoft Money ta biyo baya a 1991. Jikokinsu ne ke cike da wayoyinmu a yau. Na gwada biyu ko uku, na ga don wata rayuwa aka ɗinka su. Suna ɗauka cewa kuɗinka duk ta banki yake bi, cefanenka da kati kake biya, gidanka kuma kai ne da matarka da ƴaƴa biyu. Ba su san buhun gero da ake saye da kaka a ci har damina ba, ba su san adashe ba, ba su san mutumin Maraɗi yana kwana yana tashi da canjin naira ba. Shi ya sa na tsaya a kan allon lissafi fanko, wanda ni ke raɗa wa layukansa suna.

Yadda ya iso gidana

Na fito makarantar horar da malamai na iya koyar da tarawa da ɗebewa, amma na yi shekaru sama da goma ban san inda albashina ke zuwa ba. Abin da ya farkar da ni shi ne Oktoban 2014. A shekarar Sallar Layya ta faɗo cikin makon komawa makaranta. Rago, ɗinkin yara, kaye da littattafai, duk suka taru a kan albashi guda. Na ci bashi wurin mutum uku, ban gama biya ba sai da aka shiga sabuwar shekara, har na riƙa canza hanya don kada in bi ta ƙofar wani shago. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba a ɓoye abin yake ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya, a 2013 an yi layya tsakiyar Oktoba, duk mai kalanda ya san inda ta gaba za ta sauka. Ni ne ban duba ba.

Wani matashin malami da aka kawo makarantarmu ne ya zaunar da ni gaban tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce, «Malam, ka kawo duk abin da kake kashewa, kada ka ji kunyar komai.» Muka jera su a layin A, kuɗin a layin B, a ƙasa ya rubuta =SOMME(B2:B20), tunda kwamfutocinmu da Faransanci suke magana. Ya canza kuɗin gero, na ga jimilla ta motsa da kanta. Ban taɓa mance wannan ranar ba.

Wata biyu na farko allon ya yi ta gaya mini cewa ina da rara, alhali aljihuna fayau. Na zargi kwamfuta, na zargi kaina, har na fara yi wa uwargida tambayoyin da ba su dace ba. Ɗiyata, tana aji biyar na firamare a lokacin, ita ta leƙo ta ce, «Baba, wane nama ne na 150?» Ashe abin da ya zo da takarda, kamar kuɗin kuran da na magani, da faran nake shigarwa. Abin da uwargida ta faɗa mini da baki kuwa da dala take faɗi. Ta ce nama ɗari da hamsin, wato faran 750, ni kuma in buga 150. Kashi huɗu cikin biyar na cefanen gida ya ɓace daga lissafin. Na ba ta haƙuri, sannan na ƙara layi guda na dala, na sa umarni ya riƙa ninka shi sau biyar.

Daga baya na karanta cewa manya ma sun faɗa irin wannan rami. A 2010 wasu shahararrun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike a kan bashin ƙasashe, ƴan siyasa da dama suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi allon lissafinsu ya duba, ya tarar umarnin da suka sa ya tsallake layukan ƙasashe biyar. Na'ura abin da ka ba ta take tarawa. In ka ba ta kuskure, za ta jera maka shi tsaf cikin layi mai kyau har ka yarda da shi.

Da lissafin ya daidaita, abu biyu na gani. Na farko, ba manyan hidimomi ne suka fi cin albashina ba. Kuɗin waya, shayin fada, kabu-kabu, da ƴan dala ashirin ashirin da nake miƙawa ba tare da tunani ba, in aka tara su a wata sun kusa kuɗin haya. Na biyu, wata guda ba ya nuna gaskiya, sai an shimfiɗa watanni goma sha biyu gefe da gefe. A nan na ga Oktoba da azumi da layya a tsaye kamar duwatsu, na raba nauyin kowanne a kan watannin da ke gabansa. Na kuma ga hatsi ya fi araha daidai lokacin da aljihun malami ya fi bushewa, wato bayan komawa makaranta. Sai muka roƙi uwar adashe ta mayar da kwasar uwargida Nuwamba, muna sayen geron shekara da ita. Zumunci ma na ba shi layinsa. Biki da suna da gaisuwar rasuwa da ɗan abin da ake aika wa ƙauye ba su taɓa fashi ba, don haka babu dalilin da zai sa in riƙa yi kamar sun zo mini ba zato.

Ba zan ce allon ya ƙara mini ko dala ba. Akwai watannin da ko yaya ka juya lambobin ba sa isa, musamman da farashi ya yi ta hawa a shekarun nan. Wanda samunsa bai kai cinsa ba, lissafi ba zai cika masa rumbu ba, kuma zalunci ne a ce masa rashin tsari ne ya jawo masa. Abin da allon ya yi mini shi ne ina ganin ramin tun ina nesa da shi. In zan ci bashi, na san nawa ne, na san watan da zan biya.

Abin da ya rage gare mu

Muna koya wa yara lissafin tankin ruwa mai yoyo da jiragen da ke haɗuwa a hanya, amma yaro yakan gama firamare bai taɓa tsara cefanen mako guda ba. Ni yanzu duk shekara nakan ja wa ɗalibaina layuka a allo, mu ƙirƙiri gida mai mutum takwas, su kawo farashin tiya da na sabulu daga kasuwar unguwa, mu juya dala zuwa faran, mu tara. Sai in canza farashi guda in ce su sake. In sun fara gunaguni, sai in ba su labarin Bricklin, in fito da waya in nuna musu yadda take yi cikin ƙiftawar ido. Wanda ya sha wahalar tarawa da hannu shi ke gane lokacin da na'ura ta ba shi amsar banza.

Ku kuma iyaye, ba sai kuna da kwamfuta ba. Kaye da bik sun isa a fara, wanda ke da waya kuma allon yana cikinta kyauta. A zauna da uwargida, domin rabin lambobin a hannunta suke. A bar yaro mai wayo ya riƙa rubutawa, ya san abin da ake kashewa kafin tuwo ya iso gabansa.

Kayen mahaifina yana nan na ajiye shi tare da takardun shaidar karatuna. Ɗiyar nan tawa da ta kama kuskuren dala ta girma, ita ke riƙe da allon gidanmu yanzu, kuma ta fi ni tsanani. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.